Kwana Uku a Ƙarƙashin Bagaruwa

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa ga autana Siddiƙu, a Bur Sudan.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Amna. Allah ya sa kun sauka lafiya, ya tsare ku daga sharrin baƙon gari da sharrin baƙon ruwa, ya haɗa ku da maƙwabta masu tsoronsa. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa, wadda likitan Sinnar ya tattaɓa ya ce tsufa ne, kamar na je tambayarsa shekaruna.

Ka san ban iya rubutu ba. Kawunka Haruna ne ke riƙe da alƙalami, tunda ya bar koyarwa ba shi da aiki sai gyara wa mutane magana. Na ce masa ya sa yadda na faɗa, kada ya cusa mini Larabcin makaranta. In ka ga kalma mai santsi, tasa ce. Ya ce in kira ka a waya mana, a huta. Ba zan kira ba. A waya kana ce mini "tamam, Baba, tamam, na ji," kafin in kai inda zan je ka ce ana nemanka. Takarda dole ka zauna kafin ka karanta ta, kuma zaman nan shi ne abin da nake so da kai.

Ga abin da ya sa na aiko. Ranar da kunka tafi, muna tsaye a tasha muna jiran hafila ta cika, ka ce mini, "Baba, na yi magana da mai kamfanin. Ba zan ɗauki ijaza ba, ba hutu har shekara biyu, Juma'a ma zan riƙa komawa sito bayan salla. Yadda kai ma ka yi. Ba wanda ya taɓa ganinka a zaune." Ni kuma na gyara tsayuwa, na dubi mutanen da ke wurin don in tabbata sun ji, na ce, "Haka ɗa namiji yake." Mota ta tashi. Ban kai gida ba maganar ta fara ci na. To na janye ta. Ustaz, rubuta da kyau, na janye.

Kawunka ya ce shekara arba'in da sanina bai taɓa ganin na janye ko akuyata daga gonar wani ba. Rubuta abinka, ba a tambaye ka ba.

Bari in fara da rakuba. Ka san rumfar nan ta kara da ke bakin abu ishirin ɗinmu, ramin ban ruwan nan, inda ruwa ke rabuwa ya shiga gonaki. Rana na take tsaka, manoma su aje kayan aiki su shiga inuwarta, a buɗe kwanonin kisra, wani ya hura garwashi ya ɗora jabana, gahawar nan tamu. Awa ɗaya, in ta yi yawa biyu, kowa ya koma gonarsa. Ni ban shiga. Ina cin tawa kisrar a tsaye a kan kunya, in na zo wuce su in ja tsaki yadda za su ji. Sunka sa mini suna Maƙi-inuwa, ni kuwa na ɗauka kirari ne, har ina amsawa.

Sai shekarar da zazzaɓi ya kayar da ni ana tsakiyar cirar auduga. A garin nan in mutum ya kwanta a irin wannan lokaci, gayya ake yi masa, kafin la'asar an share masa gona. Ni mutum uku sunka zo. Waɗanda ba su zo ba ina riƙe da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, wasu sun mutu ma ban sauke su ba. Da na miƙe na tsare Ɗan'iya, mai gonar da ke jikin tawa, na ce, "Kai ma?"

Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, ai mun ɗauka kai ba ka gajiya. Mun ji tsoron mu zo ka ce mun raina ka."

Na ce, "Ƙarya kake, ƙyuya ce."

Ya ce, "To ka taɓa zama da mu har mu san yadda ake shiga gidanka?"

Ban yafe masa ba. Amma maganar tasa har yau tana ci na. Saboda haka, Siddiƙu, in lokacin fatur, abincin hantsi, ya yi a wurin aikinku, abokan aikinka sunka kewaye kwano, ka wanke hannu ka zauna. Kada ka ci a tsaye kana ƙirga buhuna da ido. Ka ji labarin banzan da suke yi, ka yi dariya ko bai ba ka dariya sosai ba. Kana garin da ba ka da kawu, ba ka da ƙane. Ranar da za ka kwanta, waɗanda ka sha shayi da su ne za su ƙwanƙwasa wa Amna ƙofa.

Sai maganar bur. Wannan kai ma ka sha wahalarta ba ka san dalili ba. A tsarin noman hawasha, gonakin nan na ruwan gwamnati, kowace shekara akwai kason da ake bari ya huta, ba a shuka masa kome, shi ne bur. Abin nan yana ba ni haushi. Ƙasa baƙa wuluk, ruwa na wucewa ta gefenta, a ce wai tana hutawa, da me ta gaji? Da na ga idon masu dubawa ya yi sanyi, na shiga kusurwar gabas na zuba mata dawa, shekara uku a jere ban bar ta ta numfasa ba. Shekarar farko na yi ta yi wa mutane dariya. Ta uku ƙuduji ya rufe wurin, dawa ta tsaya iya gwiwa ta yi ja. Ka tuna kana ƙarami kana tuge shi, ka ce, "Baba, don me nan kaɗai yake fitowa?" na ce maka iska ce ta kwaso shi daga gonar Ɗan'iya? Ba iska ba ce. Ni ne. Har yau kusurwar nan ba ta dawo daidai ba, kuma gwiwata ma irin noman da na yi mata ke nan. Juma'arka ita ce bur ɗinka. Ka bar ta haka nan, kada ka shuka mata kome. Mai kamfani zai yaba maka shekara ɗaya, biyu, ranar da bayanka ya ƙi ɗaukar buhu zai nemo wani mai sabon baya, ba zai yi maka laifi ba, kai ka ba shi.

Waɗannan biyu ba su ne sunka hana ni sukuni ba. Ga babbar.

Ka san al'adar dangin innarka, can ƙauyensu na bakin kogi gaba da Mai Wurno. Su ba masu jiran ruwan gwamnati ba ne, noman damina suke yi da kamun kifi. In anka gama girbin dawa da riɗi, anka sussuke anka zuba a rumbu, sai gidan gaba ɗaya su aje aiki kwana uku. 'Ya'ya mata da ke aure a wasu garuruwa su dawo da mazajensu da ɗiyansu. A fitar da angarib, gadajen igiya, kowane babba da gadonsa, a jera ƙarƙashin bagaruwa a bakin ruwa. A gasa kifi, a daka bunni, 'ya'yan gahawa, a dafa jabana, mata su yi kitso, tsofaffi su yi ta musu a kan wa ya auri wa tun zamanin kakannin da sunka taso daga yamma. Duk wanda ya taɓa lauje ko komar kifi a kwanakin nan, tarar tasa shi ne ya wanke kwanonin kowa. Ka sani, don ka sha zuwa, ka sha dawowa da ƙafa cike da ƙaya. Abin da ba ka sani ba shi ne ni ma na taɓa zuwa. Sau ɗaya, ba a haife ka ba.

Matsalar ita ce lokacin hutunsu shi ne lokacin da audugarmu ta fi son ruwa. Ruwa kuwa bi da bi ne, in naka ya zo ba ka nan, gafir, mai tsaron ruwa, ya tura shi ga na gaba, kai ka jira wani zagaye. Shekara shida innarka na roƙona, ina cewa baɗi. A ta bakwai ta ce, "Malam, kowace mace na zuwa da mijinta, ni ina zuwa da gaisuwarka. Har an fara tambayata ko gaisuwar ce ta aure ni." Na ji kunya na bi ta.

Ranar farko, ba zan ɓoye maka ba, na ji abin da ban taɓa ji ba. Na kwanta da rana tsaka ba ciwo. Inuwar bagaruwa ba ta da kauri, rana na ɗiɗɗigowa ta tsakanin ganye tana yawo a jikin mutum. Kogi ya cika ya kwanta, ko motsi ba ka gani sai kwalekwale ya ratsa. Innarka ta kawo mini kifi a faranti, ta cire mini ƙaya da hannunta a gaban 'yan'uwanta, sunka yi ta yi mata shewa, ita ko a jikinta. Na ji ta tana dariya da ƙarfi, har tana dukan cinya. A gidana ban taɓa jin wannan dariyar ba. Na yi ta kallonta kamar wata ce daban anka ba ni aro.

Amma da la'asar ta yi sai lissafin kwana ya shiga kaina. In ruwa ya zo gobe fa? In gafir ya ba Ɗan'iya nawa fa? Na tashi zaune, na fara karkaɗa ƙafa. Ta lura. Ta zo ta zauna a gefen gadon, ta nuna mini kogi da haɓa, ta ce, "Ka ga ruwan nan? Shi ne dai zai gangara Sinnar, a tare shi a madatsa, a koro shi har gonarka. Zauna ka kalle shi tun bai zama aiki ba."

Na ce, "Ke ba ki san noma ba."

Da safe, ana hura wutar shayi, na ɗaura rawanina. Wannan kawun naka, lokacin yana da gashi a kai, ya biyo ni yana cewa, "Mijin Yaya, in ka tafi akwai tara, kwanoni na jiranka!" Na ce ya wanke da kansa, tunda hannun malamin makaranta bai san wani aiki ba. Innarka ta ƙulle mini busasshen kifi a tsumma, ta rako ni har bakin hanya, ta koma.

Na iso gona kafin azahar, ko gida ban biya ba. Abu ishirin a bushe, ƙasansa ya tsattsage. Na nemo gafir, ya ce ana yashe babbar hanyar ruwa, an ɗaga zagayenmu, sai bayan kwana huɗu. Siddiƙu, mota na nan. Da na juya a lokacin, da na ci abincin dare da su. Amma na tuna dariyar da kawunka zai yi mini, na tuna zan wanke kwanoni a gaban mata. Sai na zauna. Kwana huɗu ina zaune a bakin busasshen rami, cikin rana, don ko a lokacin ban yarda na shiga rakuba ba, ina cin kifin da ta ƙulle mini. Da ta dawo, bayan ta ƙara kwanaki a gidansu, tun ba ta sauke kaya ba ta ce, "Malam, ruwa ya zo?" Na ce, "Ya zo. Da ban dawo ba da mun yi asara."

Wannan maganar ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Kuma nan kawunka ya aje alƙalami. Na ce, "Ustaz, mi ya faru, tawada ta ƙare?" Bari in gaya maka abin da ya ce, tunda na sa shi ya rubuta, ko da yake ya so ya ƙi.

Ya ce, "Ai ta sani."

Na ce, "Ta san mi?"

Ya ce, "Matar gafir ta gaya mata a bakin famfo, kwana biyu da dawowarta. Ta ba ni labari a shekarar. Ta ce in na kuskura na tsokane ka da shi, ba ni ba ita."

Na ce, "Kai da ba ka iya riƙe magana ko ta yini ɗaya?"

Ya ce, "Wannan na riƙe. Kuma tunda yau ranar fallasa ce, ga sauran. Duk shekara in ta zo, sai ta sa na fitar da angarib biyu. In ce, Yaya, mutumin nan ba zai zo ba. Ta ce, fitar dai, wataƙila a ɗaga musu ruwa. Ta shimfiɗa wa naka tabarma, ta hana yara hawa. In an kwana uku in mayar da shi ɗaki."

Na tambaye shi shekara nawa. Ya ce har shekarar da ta rasu.

Na ce masa hayaƙin garwashi ne ya shiga idona, ya ce ai wutar ta mutu tun ɗazu. Mutumin nan ba shi da ladabi, haka yake tun yana yaro.

Ni duk zamanin nan ina jin haushinta a ɓoye. Daga wannan shekarar ba ta ƙara cewa in zo ba, ko sau ɗaya. In lokaci ya yi sai ta shirya ku, ta ce, "Malam, mun tafi," in ce a dawo lafiya. Na ɗauka ta fitar da ni daga ranta ne, ta ga zaman ya fi mata daɗi ba ni. Ina cewa a raina, da ta ƙara roƙo sau ɗaya da na je. Ashe ita tana can tana shimfiɗa mini tabarma, ni ina nan ina jiran a roƙe ni. Shekara huɗu ke nan da binne ta. Auduga kuwa, wallahi ban iya tuna wace shekara ta yi kyau, wace ta lalace, duk sun haɗe mini. Yini ɗayan nan na ƙarƙashin bagaruwa shi nake gani sarai, har kalar farantin kifin.

To ka ji. Amna ta bar uwarta da 'yan'uwanta ta bi ka garin da ba ta san kowa ba, tana zaune a ɗaki ɗaya daga safe har dare tana sauraron takunka. Ba za ta yi ta roƙonka ba. Irin su sukan faɗa, in sun ga ka ɗaure fuska su yi shiru, kai kuma ka ɗauka an daidaita. An ce mini akwai bahar a can, ruwan gishiri, wanda ba ya zuwa gonar kowa. Ranar Juma'a in ka sauko daga masallaci, ka ɗauke ta ku je ku zauna a bakinsa. Ka kashe wayar nan. Kada ka yi mata lissafin gini ko na kaya. Ka saya mata abin sha, ka ji yadda dariyarta take in ba ta cikin ɗaki. Yini guda ba zai rushe maka kome ba. Ni na gwada ƙin hutawa shekara hamsin, ban ga benen da na gina ba.

Kada ka ce na ce ka zama rago. Ragwanci na ƙi shi jiya, na ƙi shi yau, kuma rabin mutanen rakubar nan ragwaye ne, ko sun ji ko ba su ji ba. Ka yi aikinka yadda na koya maka, kada a same ka da ha'inci, kada ka bar salla ta wuce. Amma in an ce ga hutunka, ka miƙa hannu biyu ka karɓa, kada ka mayar musu wai don a ce ɗan Maƙi-inuwa ne.

Saura abu ɗaya, shi ne roƙona. Ban saba roƙo ba, in ya fito a karkace ka yi haƙuri.

Bana zan je. Dawa ta fara sunkuyar da kai, kawunka ya ce nan da wata biyu za su gama sussuka. Jiya na shiga rakuba da ƙafata, kowa ya zuba mini ido kamar kura ta shigo. Na zauna, na karɓi finjalin jabana, ta yi zaƙi da yawa, na faɗa musu. Sannan na ce wa Ɗan'iya in ruwana ya zo ba ni nan, ya buɗe mini. Ya ce, "In na sha rabi fa?" Na ce Allah na ganinsa, kuma ni ma zan auna in na dawo. Kwanonin da ake bi na tun waccan shekara zan wanke su, kawunka ya ce ya tara mini har da tukunyar kifi.

Ka je wurin mai kamfanin ka ce masa ka sake shawara. Ka nemi mako ɗaya, kwana biyu zuwa, kwana biyu komawa, uku a zauna. In ya tambaye ka dalili, ka ce ubanka ya tsufa, ba ƙarya ka yi ba. Ka zo da Amna. Kada ku biya ta gida, ba za ku same ni ba, ku sauka Sinnar ku hau motar Mai Wurno ku wuce. Ina so in nuna maka bishiyar da na kwanta a ƙarƙashinta, in tana nan. Ina so ka zauna kusa da ni mu kalli ruwan nan tun bai zama aiki ba, kada ka ce mini tamam, kada ka ce mini kome.

Ba zan sake aiko maka da wata takarda a kan wannan ba, kuma ba zan kira ka in tuna maka ba. Amma na riga na gaya wa kawunka ya fitar da angarib ɗinka, ya aje shi jikin nawa. Zan shimfiɗa masa tabarma da hannuna, in hana yara hawa. Innarka ta iya kallon gado ba kowa shekara da shekaru ba ta ce uffan ba. Ni ba ni da haƙurinta, Siddiƙu, kuma ba ni da shekarun.

Allah ya tsare fitarka da shigarka. Ya ba ka ƙarfin aiki, ya ba ka hankalin aje shi. Ya sanya albarka tsakaninka da matarka, ya kare ku daga ciwo da mugun ji da mugun gani. Ya jiƙan innarka, ya sanyaya makwancinta, ya ba ta inuwar da ta fi ta bagaruwa. Ya kawo ku lafiya, ya sa in gan ku da idona. Amin.

Kawunka na gaishe ku, ya ce hannunsa ya gaji. Na ce ya huta.

Ni ne mahaifinka,
Mamman, wanda ya dangwala yatsa a ƙasan takardar nan.